IN MOTA TA FARA SHAN RUWA, DABBOBINKA NE ZA SU BIYA



A wannan fitowa mun ga ya dace mu ɗan ajiye maganar farashin kara da ta haraji, mu taɓo wata magana wadda da yawa daga cikinmu suke ganin ba tasu ba ce, watau maganar ruwan da ake zubawa a injin mota. Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da wannan, mu da muke biyan kuɗin haya mu hau gaba mu zauna? Ai aikin direba ne da yaronsa. Haka ne, aikinsu ne. Amma ran da mota ta tsaya tsakanin Kasala da Haya da tsakar rana, tururi yana tashi daga gabanta, mai mota asarar gaskit ɗaya ya yi da kuɗin makaniki. Kai kuwa da ka zuba raguna hawa biyu a bayanta, kai ne za ka tsaya kana kallon jarinka yana haki.

Duk wanda ya taɓa rakiyar kaya daga nan Gadarif zuwa Sawakin ya san tafiyar ta haura kilomita 700. Daga nan zuwa Shuwak da Hashmul Girba har Kasala, wajen kilomita 220, da sauƙi, domin akwai mutane akwai ruwa. Daga Kasala ne magana take canzawa. Hanyar Durdeb zuwa Haya fili ne fetal, sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga inuwar da za ta ɗauki mota ba, sannan ga hawan duwatsu har Sinkat kafin a gangara Akaba. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Ga shi kuma Babbar Sallah kowace shekara tana matsowa da kwana 11: a 2024 tsakiyar Yuni aka yi ta, a 2025 kuwa farkon Yuni. Ka ga ke nan lodin ragunan da ake kaiwa Jidda ya faɗo daidai cikin tsakiyar bazara, lokacin da inji ya fi wahala.

Dabba a bayan mota iskar tafiya ce take raya ta. Da zarar an tsaya, zafin jikinsu da na fitsari ya taru a hawan ƙasa, sai haki, sai wani ya durƙusa 'yan uwansa su tattake shi. Wanda bai mutu ba ya zube, ya isa mahjar a rame, kuma jirgin ruwa ba ya jiran kowa.

Motocin da muke hawa kuma ba yara ba ne. Tsohuwar Bedford ɗin nan da ake kira Sifinja, samfurinta tun 1958 ya fito daga Ingila, kuma kamfanin ya bar ƙera manyan motoci tun ƙarshen shekarun 1980. Maƙeran Sudan ne suka riƙe ta da hannunsu, suka ƙara mata ƙarfin ƙashin baya da sifirin har take ɗaukar abin da masu ƙera ta ba su taɓa tsammani ba. Hino da Nissan da suka biyo baya su ma yawancinsu sun ga jiya sun ga yau. Tun kuwa da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu 2023, kayan gyaran da aka saba kawowa daga Hartum suka yanke, isberat suka yi tsada, jabu ya cika shaguna, masu motoci suka koma lallaɓawa. Dada ga wasu fatake da ba sa barin direba ya tashi sai an cusa ƙarin goma ko ashirin a kan abin da aka yi ciniki. Kowane ƙarin nauyi ƙarin zafi ne a cikin inji. Ba mu manta da jirgin da ya nutse a tashar Sawakin a watan Yuni 2022 ba, da tumaki wajen 15,800 a cikinsa, alhali an ce ƙarfinsa 9,000 ne. Ita mota ba ta nutsewa, tafasa take yi.

MECE CE GASKIT ƊIN?

Inji gida biyu ne. Akwai gangar jiki a ƙasa inda fistin suke hawa da sauka, akwai kuma kan inji a sama, wanda 'yan uwanmu na Kano suke kira tof. Tsakaninsu ake shimfiɗa wani faifai siriri mai huji-huji, a ɗaure da manyan kusoshi. Wannan faifan shi ne gaskit. Aikinsa raba abu uku da suke maƙwabtaka amma ba sa shiri: wutar da take ci a cikin silinda, da ruwan da yake zagayawa yana sanyaya ƙarfe, da baƙin mai. Kamar dai shingen da yake tsakanin gonar dawa da burtali ne, muddin yana tsaye kowa lafiya, ran da ya faɗi kuwa sai rigima. Injin gas yana matse iska har ninki 16 ko 17 kafin mai ya kama, to ka ƙiyasta irin ƙarfin da yake dukan wannan ɗan faifai dare da rana.

Abin da muke so a gane shi ne, da wuya gaskit ta ƙone haka kawai. Kusan kullum ƙarshen labari ce. Farkon labarin wani ɗan ɗigo ne da aka raina. Ruwa ya ragu, inji ya yi zafi, kan inji ya ɗan lanƙwashe, gaskit ta sami gefen da ba a danne ta ba, wuta ta huda ta. Saboda haka tambayar farko da falke zai yi wa direba, tun kafin maganar kuɗi, ita ce: "Usta, sau nawa kake ƙara mata ruwa tsakanin nan da Kasala?" Mota lafiyayya ba ta shan ruwa. In ya ce ai galan ɗaya ne kawai, ba komai, to akwai komai.

A FARA DAGA WAJE

A je wurin mota da sassafe, tun ba a tayar da ita ba. A leƙa ƙarƙashinta a ga ko ƙasa ta jiƙe. A bi tiyo na sama da na ƙasa da hannu, a matsa su. Wanda ya yi laushi kamar tsumma ko ya kumbura a bakin ɗauri, kwanansa ya ƙare. A duba bakin ɗaurin kansa, in an ga farin gishiri ko jan tsatsa ya bushe a wurin, nan ruwa yake fita idan inji ya yi zafi, ko da yanzu a bushe yake. Famfon ruwa yana da wani ɗan rami a ƙarƙashinsa, an yi shi ne musamman don ya tona asiri: in yana ɗiga, famfon ya fara mutuwa. A kama fanka a girgiza, in tana rawa, haka nan. A jikin gangar inji kuma akwai wasu murafu zagayayyu kamar kwabo, tsatsa takan ci su ta ciki har su huje, kuma wanda yake can baya ba a ganinsa sai an sunkuya da tocila.

Sai lagireto, wanda a nan muke cewa ladetar. Mu a ƙasar Gadarif muna da wata matsala da mutanen wasu wurare ba su da ita sosai. Motar da take ɗaukar mana dabbobi ita ce ta gama jigilar riɗi da dawa daga gonaki da kaka, saƙar lagiretonta cike da ƙaiƙayi da ƙwari da ƙurar baƙar ƙasa. Ruwa yana nan cif, amma iska ba ta ratsawa. A haska tocila ta baya a duba ta gaba, in haske bai fito ba iska ma ba za ta shiga ba. Wankewa ta baya da ruwa ko da iska, aikin rabin awa ne.

Murfin lagireto shi ne abin da aka fi rainawa, har za ka ga an toshe bakin da tsumma ko da gwangwanin tumatir. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100. Murfin nan yana da sifirin da yake riƙe matsi a ciki, kuma matsi yana ɗaga ma'aunin tafasa: murfi mai rabin bar yana kai shi wajen 111, mai bar ɗaya wajen 120. Wannan tazarar ita ce take fitar da mota daga hawan Sinkat. In robar murfi ta tsage, ruwa zai riƙa fita a tururi ba tare da an ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba, a yi ta zargin gaskit alhali abin da ya lalace bai kai kuɗin ƙafar rago ba.

Mu kan kuma tambaya a kunna mota mu ga allurar agogon zafi ta motsa. Motoci da yawa agogon nan ya mutu da daɗewa, direba da hancinsa yake aunawa, kuma kafin hanci ya ji ƙauri aikin gama ya gama. Wani abin kuma shi ne tamostat, ɗan bawul ɗin da yake buɗe wa ruwa hanya idan zafi ya kai wajen 80 zuwa 85. Makanikai da dama cire shi suke yi su jefar, wai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Mu dai ba mu yarda da wannan ba. A injuna da yawa shi ne kuma yake rufe gajeriyar hanyar da ruwa yake komawa cikin inji ba tare da ya bi ta lagireto ba, in babu shi wani kason ruwan zai yi ta zagaye a ciki yana ƙara zafi. In ya lalace a sa wani.

Makanikin kirki yana da ɗan famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura matsi inji yana sanyi. In allura ta tsaya, babu yoyo. In tana sauka kuma ga ɗigo a waje, an kama ɓarawo. In tana sauka amma waje a bushe, to ɓarawon yana cikin gida.

IN ƁARNAR TA CIKI CE

Alamun ba ɓoyayyu ba ne. A cika lagireto inji yana sanyi, a bar murfi a buɗe, a tayar. In kumfa tana ɓullowa ɗaya bayan ɗaya ba ta yankewa, ko ruwa ya yi tsalle idan an taka totur, hayaƙin silinda ne yake shiga ruwa. In an rufe murfi kuma tiyon sama ya yi tauri kamar icce cikin 'yan mintoci tun inji bai ɗumama ba, maganar ɗaya ce. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa wanda ba ya ɗaukewa bayan mota ta yi zafi, ruwa ne yake ƙonewa. A zaro sandar awon mai, in man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya sauka cikinsa, kuma wannan motar ko kyauta aka ba ka kada ka ɗora mata ko akuya, domin man da ya sha ruwa ba ya kare ƙarfe. Akwai wani ruwan gwaji shuɗi da ake riƙewa a bakin lagireto cikin kwalba, in hayaƙi ya ratsa shi sai ya juya kore ko rawaya. In kuma aka auna matsin silinda aka tarar biyu da suke jere sun faɗi tare, gaskit ta ƙone a tsakaninsu.

Amma fa a yi hattara da makanikin da yake saurin cewa a buɗe kai. Shaida ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Akwai na'urar sanyaya baƙin mai, in ta huje ita ma tana haɗa mai da ruwa. Injunan da silindarsu hannun riga ce da ake zarewa suna da robobi a ƙasanta, in sun tsufa ruwa yakan sauka cikin mai gaskit tana lafiya lau. Kwamfaresan birki, in irin wanda ruwa yake sanyayawa ne, yakan hura iska cikin lagireto ya yi kumfa sak irin ta gaskit. Sau da yawa akan sauke kan inji, a kashe kuɗi, a mayar, ciwo yana nan inda yake.

Wata alama guda tana da haɗari ƙwarai. Mota ta kwana, da safe aka murza makulli inji ya ɗan juya ya cije. Kada a ce a tura ta ko a ja ta da wata mota. Ruwa ne ya taru a kan fistin cikin dare, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa, in aka tilasta sai sandar fistin ta lanƙwashe, gyaran kwana biyu ya koma sayen inji.

In abin ya faru a hanya, kada a bar yaron mota ya buɗe murfi da zafinsa, yara da yawa sun saɓule a fuska da ƙirji ta haka. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a injin da ya ƙafe yana zafi, kan inji tsagewa yake yi. A jira ya huce. Kai mai kaya, wannan jiran naka ne na aiki: a tsayar da mota inda iska take ratsa ta ta gefe, a shiga a tayar da waɗanda suka kwanta, in tsayuwar za ta yi tsawo a sauke na hawan ƙasa, kuma tun a lokacin a fara neman wata mota ta waya, kada a jira sai makaniki ya fid da rai. Su ƙwai da garin barkono da ganyen shayi da direbobi suke zubawa a lagireto, gaskiya sukan toshe ƙaramin huji har a kai Haya, amma suna toshe hanyoyin ruwa tare da shi, kuma ba sa yi wa ƙonanniyar gaskit komai.

RANAR GYARA

Waɗanda suke da motar kansu a cikinmu, ko suka haɗa jari da mai mota, su daure su zauna a gareji ranar da za a yi aikin nan. Ba sai ka iya riƙe sifana ba, ido ya isa.

Inji sai ya huce sarai kafin a taɓa shi. Kusoshin kai ana kwance su ne daga gefe a nufo tsakiya, kaɗan-kaɗan, ba a zare ɗaya gaba ɗaya a bar sauran a ɗaure. In an ɗaga kai, kada a yar da tsohuwar gaskit sai an karanta ta, domin inda wuta ta bi yana nan baƙi ƙirin, kuma silindar da ruwa yake shiga za ka ga kan fistin ɗinta fes kamar an wanke. In gaskit ta fito ba tabo, to a nemi tsaga a kan inji ko a silinda, kada a sa sabuwa a rufe a ce an gama.

Daga nan sai awo, kuma a nan ne ake yawan cin amana. A kankare fuskar kai da ta gangar inji tas, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye da kuma a gicciye, a gwada zura siraran ma'aunai a ƙarƙashinsa. Abin da ake magana a kai bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba ko sama da haka kaɗan, kusan kaurin takardar nan da kake karantawa, ido ba ya ganinsa. In ya wuce abin da littafin injin ya yarda, sai a kai makharaɗa a mandiƙa a wanke fuskar, a kuma gwada ko akwai tsaga, musamman tsakanin bawul da bawul. Wankin ma yana da iyaka. Kan da aka sha wankewa yakan yi siriri har bawul ya kusanci fistin, irin wannan sai canji. Makanikin da ya shafa tafin hannu a kai ya ce "lafiya lau, Alhaji", yana so ne ka dawo.

Ramukan kusoshi a busar da su, domin in mai ko ruwa ya kwanta a ciki aka ɗaure kusa a kansa, ko dai ɗaurin ya yi ƙarya ko gangar inji ta tsage. Sabuwar gaskit a ɗora ta a kan tsohuwa a ga kowane huji ya hau kan ɗan uwansa, a kuma lura da gefen da aka rubuta sama. Ta jabu takan yi arha da rabi, zoben ƙarfen da yake bakin silinda siriri ne, kuma aikin sauke kai da mayarwa kuɗinsa ɗaya ne ko da wacce aka sa. Ba a shafa mata gam sai in masu injin sun ce a shafa.

Ɗauri kuwa da sifana mai awo ake yinsa, daga tsakiya a yi waje ana zagayawa, hawa biyu ko uku har a kai adadin da littafi ya faɗa. Abin da muka fi gani shi ne a zura dogon bututu a sifana, ƙato ya rataya a kai har sai kusa ta yi ƙara. Wannan ba ɗauri ba ne, wata ta matsu fiye da kima wata ba ta kai ba, kuma ta wurin sassauƙar wuta za ta sake fita. Injunan zamani da yawa kusoshinsu miƙewa suke yi idan an ɗaure, ba a maimaita su. Tsofaffin injuna irin na Sifinja kuma suna son a sake bin ɗaurin bayan mota ta yi 'yar tafiya, a kuma sake saita bawul. A zubar da baƙin mai da matatarsa, a wanke lagireto. Sannan a koma kan abin da ya jawo zafin tun farko, ko famfo ne, ko tiyo, ko murfi, in ba haka ba an yi wa sabuwar gaskit tanadin abin da ya kashe tsohuwa.

Aikin nan in za a yi shi daidai yakan ci kwana biyu ko uku. Motar da aka ce an buɗe kanta da safe an rufe da la'asar, mu ba ma ba ta kayan Sawakin. Ko wadda aka yi wa aiki mai kyau ma, gara tafiyarta ta farko ta zama ta kusa, Doka ko Hawata, ta je ta dawo a ga ruwanta bai ragu ba.

Saura maganar irin ruwan da ake zubawa. Kowa ya san halin ruwa a Gadarif, da rani abin da aka samu shi ake ɗiba. Ruwan hafir laka ne, na rijiyoyi da yawa kuma yana da gishiri, shi ne yake yin farin dutse a cikin inji irin wanda kake gani a gindin butar shayi, ya hana ƙarfe miƙa wa ruwa zafinsa. Ruwan sama da aka tace ya fi, in kuma da hali a haɗa da koren ruwan nan ko ja da ake sayarwa a galan, domin yana hana tsatsa yana kuma ƙara jinkirta tafasa.

Sai dai wannan ruwan mai kala guba ne, kuma abin takaici zaƙi gare shi. Dabba mai ƙishi in ta same shi a ƙasa ko a bokiti lasa take yi, ya kashe mata ƙoda, ta yi kwana ɗaya ko biyu tana tangaɗi kamar mai maye kafin ta faɗi, mai ita yana can yana zargin ciyawa. Kada a bari a zubar da ruwan lagireto a wurin lodi ko kusa da kwamin shayarwa a kara. Galan ɗin da ya taɓa ɗaukarsa kada ya shiga cikin na shan dabbobi ko na mutane ko an ɗauraye shi. Yaran da suke rakiyar kaya a gaya musu wannan da baki tun kafin a tashi, kuma jarkokin ruwan dabbobi a ɗaura musu tsumma a wuya don a bambanta su da na mota ko cikin dare.